Waiwaye: Gidan Karo da gafakar kakanninmu

Mu da muka yi ƙuruciya a Mada zamanin aci-balbal mun san wata al'ada da yanzu ta yi ƙaranci. Idan ɗalibi ya sauke littafi a zaure, malam ba ya rufe shi haka nan. Sai ya gyara zama ya ce, "Na karanta wannan wurin mahaifina, shi kuma wurin baffansa, shi kuma wurin wani malamin Katsina." Haka zai yi ta jero sunaye har su yi nisa. A lokacin hankalinmu na kan wainar sadaka. Sai da furfura ta fito muka gane cewa asalin karatun ake damƙa mana, don mu san rijiyar da muka sha.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne tarihin wani malamin Yahudawa, Yusuf Karo. Kada sunan ya sa mu ɗauke kai, domin hikima ɓataccen kayan mumini ce, kuma labarin gidansu ya yi kama da na gidajen malamanmu.

An haife shi a Andalus a 1488, lokacin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. Yana ɗan shekara huɗu, a 1492, Garnaɗa ta faɗi daga hannun Musulmi, kuma a wannan shekarar sarakunan da suka ci ta suka kori Yahudawa daga ƙasar. Iyayensa suka nufi Fotugal, can ma zama bai yiwu ba, suka ƙarasa ƙasar Daular Usmaniyya, inda Sarkin Musulmi Bayazid na biyu ya buɗe wa korarrun ƙofa. Malaminsa na farko mahaifinsa ne, Ifraimu. Da uban ya rasu, baffansa Ishaƙu, wanda shi ma malami ne mai wallafa, ya ɗauke shi ya ci gaba da karantar da shi. Gida ya tafi, dukiya ta tafi, amma karatu bai yanke ba ko da na tsara ɗaya.

A nan nakan tsaya in yi shiru. Mu a Zamfara yau ba sai an fassara mana gudun hijira ba. Mun ga mata da ƙunshin kaya a ka suna shigowa Gusau da Tsafe daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa. Mai gudun ceton rai tukunya da tabarma yake ɗauka. Gafakar kaka, wadda ke rataye a ɗaki da takardun da aka rubuta da tawadar gida, takan zauna ta jira gara da ruwan damina. A ƙarshen irin waɗannan takardun ne mai kwafi yake sa sunansa da na ubansa da na malaminsa.

Karo ya fara babban sharhinsa na fiƙihun addininsu a 1522 a garin Adirna, bai gama ba sai 1542 a Safad ta ƙasar Falasɗinu. Shekara 20 kan aiki ɗaya. Kuma bai gina hukunci a kan ra'ayinsa shi kaɗai ba. Magabata uku ya sa a gaba, cikinsu har da Alfasi mutumin Fas da Musa ɗan Maimun, inda biyu suka haɗu sai ya bi su. Daga baya ya taƙaita aikin ya zama ɗan littafin da suke kira Shulhan Aruk, wato shiryayyen teburin abinci, aka buga shi a Banis ta Italiya a 1565. Matsayinsa a wurinsu ya yi kusa da na Muhtasar ɗin Halilu a zaurukanmu. Wani malami a ƙasar Foland, Musa Isarlis, ya ƙara masa al'adun mutanensu na arewa, ya kira ƙarin nasa mayafin teburin. Karo ya rasu a Safad a 1575, ɗansa Yahuza kuma ya tattara wasu fatawoyinsa aka buga. Uba, baffa, ɗa, kowanne da sunansa a rubuce, shi ya sa bayan shekara fiye da 400 wani tsoho a Mada yake iya lissafo su.

To mu fa? Ga 'Yandoto nan a ƙasar Tsafe, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Garin malamai ne tun kafin jihadi, ɗalibai na zuwa daga nesa, har tarihin baka yana cewa Muhammadu Korau na Katsina daga can ya fito. Wajen 1806 rikicin jihadi ya ci garin, malamai suka watse. Daga wannan yankin Malam Sambo ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau, kuma zuriyarsa an san ta domin sarauta ta riƙe ta, maroƙa da makaɗan fada suna maimaita ta. Amma sauran malaman da suka karantar a waɗancan zaurukan ƙarni bayan ƙarni, wa zai jero mana goma daga cikinsu da iyayensu da ɗalibansu?

Kwanan baya na tambayi wani jikana sunan malamin da ya karantar da kakansa Risala. Yaro ne mai ƙoƙari, ya yi sauka, wayarsa cike da karatun malaman Makka da Misira. Ya yi shiru. Na gaya masa sunan, da na mahaifin malamin, da garin da suka fito, na sa ya rubuta a bangon Risalarsa. Suna na huɗu kuwa na neme shi a kaina har aka kira la'asar, bai zo ba.