Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Sanin kowa ne cewa garin Kazaure ya daɗe da yin suna wajen ilmin kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jihar Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar nan da jama'a suka fi sani da Informatics, samari da 'yammata suka riƙa tahowa daga jihohi dabam-dabam don koyon wannan fanni. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, sa'an nan a 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Wato dai batun masu iya rubuta manhaja, alhamdu lillahi, ba mu da ƙarancinsu. Abin da ke damunmu shi ne wani mataki da ke zuwa kafin rubutun, wanda mu ɗalibai da ma'aikata muka raina, alhali kuwa shi ne tushen aikin baki ɗaya.

Matakin nan kuwa shi ne a zauna a rubuta dalla-dalla abin da ake so manhajar ta yi, kafin wani ya taɓa kwamfuta. Babu telan kirki da zai sa almakashi a shadda bai auna mai riga ba. Amma sau nawa ake ba da kwangilar manhaja da takarda mai layi uku, wadda ba ta ce kome ba sai a zamanantar da ayyukan ofis? Ɗan kwangila ya tafi ya ƙera abin da yake tsammani, a yi bikin buɗewa, bayan wata shida akawu ya koma ga tsohon littafinsa. Daga nan sai a shiga zargin juna, a ce yaron bai iya aiki ba, ko a ce ma'aikata ba su son ci gaba. Gaskiyar magana ita ce tun farko ba wanda ya faɗa wa kowa abin da ake bukata.

In muna neman misali ba sai mun je nesa ba, don abin ya taɓa mu a jikinmu. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin biyan albashi na IPPIS, da kyakkyawar niyya ta kawar da ma'aikatan bogi. Da aka ce a 2019 lalle sai malaman jami'a sun shiga, ƙungiyar ASUU ta ƙi, tana mai cewa an yanka rigar ne da awon ma'aikacin sakatariya, ba a yi la'akari da yadda jami'a take ba. Malamin jami'a yakan tafi wata jami'ar ya koyar shekara guda, yakan yi koyarwar ziyara, yana da alawus da ya danganta da yawan aikin da ya ɗauka, farfesa kuma sai ya kai shekara 70 yake ritaya. Wannan saɓani yana cikin dalilan yajin aikin da ya rufe jami'o'i daga Maris zuwa Disamba na 2020, har ASUU ta ƙera tata manhajar mai suna UTAS, batun kuma ya sake tasowa a yajin aikin wata takwas na 2022. A ƙarshe, cikin Disamba 2023, Majalisar Zartarwa ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS. Ba mu ce rigimar duka ta manhaja ce ba, akwai batun kuɗi da na iko a ciki. Amma da an zauna da masu aikin tun ranar gini, an rubuta bukatunsu, da wani ɓangare na watannin da ɗalibai suka yi a gida bai salwanta ba.

Su ma Turawa ba su tsira ba. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan kuma yana karɓar alƙaluman a matsayin ma'aunin mita. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwa ya san wannan cuta: mai saye yana nufin tiya, mai sayarwa yana nufin mudu, kowa kuma yana ganin shi ne da gaskiya.

To, mene ne abin yi? Na farko, a tambayi mai aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Darakta yana iya sa hannu a kwangila, amma akawun da ke cika fom da mai karɓar haraji a bakin kasuwa su suka san inda fayil ke maƙalewa. Ɗalibin da zai rubuta manhajar asibiti ya kamata ya yini a ɗakin kati yana kallo da tambaya, kafin ya rubuta layi ɗaya.

Na biyu, a rubuta bukata yadda za a iya gwada ta. In takarda ta ce manhaja ta kasance mai sauri da sauƙi, ba ta ce kome ba. In ta ce ma'aikaci zai nemo sunan mai fansho cikin daƙiƙa biyar, to ranar karɓar aiki ana iya riƙe agogo a gani. Haka kuma a rubuta abin da ba ya cikin aikin, don kada a wayi gari kowa na ƙara nasa.

Na uku, a rubuta halin ƙasarmu. Me zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da bayani? Ma'aikacin lafiya a ƙauyen Gwiwa ko Roni, inda intanet ke zuwa tana tafiya, zai iya ajiye aikinsa har ya sami hanya? Fom ɗin zai karɓi ƙ da ɗ da ɓ? Yaya za a yi da dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, ko mutane goma masu suna ɗaya da sunan gari ɗaya? Manhajar da aka kwafo daga waje ba ta san waɗannan ba, sai mu muka faɗa mata.

Muna sane da masu cewa bukatu kan canza, don haka ɓata lokaci ne a rubuta su. Lalle suna canzawa, shi ya sa ya kamata a yi aikin kashi-kashi, ana nuna wa masu amfani da shi, ana gyara takardar da saninsu da sa hannunsu. Amma wanda bai rubuta inda ya nufa ba, ta yaya zai gane ya sauya hanya?

Saboda haka muna kira ga malamanmu da su ba takardar bukatu maki mai tsoka a aikin kammala karatu, kada a tsaya ga kyan fuskar manhaja kawai. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, waɗanda gobe su za su riƙa rubuta takardun kwangila, kada su yarda fayil ya wuce teburinsu sai ya faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi amfani da shi, da yadda za a gwada shi. Kuɗin da za a kashe na talakawa ne, su ne kuma za su yi layi cikin rana in abin ya ƙi aiki.

Allah Ya sa mu gyara, amin.