Bogota Ta Fi Landan Kusa da Sabon Tasha

A ce wata yarinya daga Sabon Tasha ta kammala digirin tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna, ta shaida wa iyayenta cewa tana so ta tafi Kolombiya ko Meziko ta karanci tarihi da siyasa da al'adun Latin Amurka, da harshen Sifaniyanci. Ba sai an yi duba ba kafin a san amsar da za ta samu. Kawunta mai aikin banki zai ce, "Ke 'yar nan, in fita za ki yi, ki nufi Ingila ko Kanada ki karanta aikin jinya ko kwamfuta. Wa zai ɗauke ki aiki da tarihin mutanen da ko sunan garuruwansu ba a iya faɗa?" Abin takaici shi ne wannan raini ya fi fitowa daga bakin 'yan boko, waɗanda ya kamata su fi kowa sanin cewa kuskure ne. Matsalolin da suka hana mutanen Sabon Tasha barci a yau, an yi su a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci shekaru 30 da suka wuce, an gwada musu magunguna, an kuma rubuta abin da kowane magani ya haifar.

Sabon Tasha tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. A wannan ƙaramar hukuma aka sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a watan Afrilun 2021, aka kashe biyar daga cikinsu. A nan ne kuma, ranar 5 ga Yulin 2021, aka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia, aka riƙa sako su rukuni-rukuni cikin watanni. A watan Maris na 2024 aka kwashe yaran makarantar Kuriga. Martanin Majalisar Dattawa, a watan Afrilun 2022, shi ne amincewa da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga duk wanda ya biya kuɗin fansa.

Kolombiya ta riga ta bi wannan hanya. A 1993 ta kafa Doka ta 40, wadda ta hukunta biyan fansa, ta kuma ba da ikon sa ido a kan dukiyar wanda aka sace da ta danginsa. Kafin shekarar ta ƙare, Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta yanke cewa ba za a hukunta wanda ya biya don ceton rai ba, tunda hukumar da ta kasa tsare mutum ba ta da bakin hana danginsa cetonsa. Garkuwa da mutane kuwa ta ci gaba da ƙaruwa, 'yan tawaye suna tare manyan hanyoyi suna zaɓen matafiya kamar yadda aka yi a hanyar Abuja zuwa Kaduna, har adadin ya haura 3,000 a shekarar 2000 kaɗai. Zuwa 2010 ya sauko ƙasa da 300. Abin da ya sauko da shi ya haɗa da rundunar GAULA da aka kafa a 1996 musamman don wannan laifi, da sake karɓe iko da manyan hanyoyi, da kai 'yan sanda kowace gunduma. Duk wannan yana rubuce a hukunce-hukuncen kotu da mujallun jami'o'i. Da akwai wanda ya ajiye wa sanatoci wannan tarihi a gabansu, da muhawarar ta fi abin da aka ji nauyi.

Haka batun 'yan sa-kai. Kaduna tana da rundunar sintirinta, Katsina ta ƙaddamar da tata a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. Latin Amurka tana da misalai biyu masu kishiyantar juna a kan wannan. A 1994 gwamnatin Kolombiya ta halatta ƙungiyoyin tsaron kai da ake kira Convivir. Masu manyan gonaki da garkunan shanu ne suka fi ɗaukar nauyinsu, kuma da yawa daga cikinsu suka narke cikin ƙungiyar AUC da aka kafa a 1997, wadda ta yi kisan kiyashi a ƙauyuka, ta kori manoma daga filayensu, ta tsunduma cikin fataucin hodar iblis. A Peru kuwa, manoman lardin Chota sun fara sintirin dare a 1976 saboda satar shanu. Kowane magidanci yana da ranar fitarsa, taron gari ne yake yanke hukunci, kuma tsarin mulkin 1993 ya amince da rawar da suke takawa. Bambancin yana ga wanda ke biyan 'yan sintiri da wanda suke yi wa biyayya. Gwamnan da zai ɗora wa matasa dubbai bindiga a kafaɗa yana bukatar mai ba shi shawara da ya san labaran nan biyu dalla-dalla.

Wani zai ce Najeriya ba ta da hulɗa da waɗannan ƙasashe. Duk ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho kowane wata yana rayuwa ne ƙarƙashin tsarin da aka aro daga Chile. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta kwaikwayi tsarin asusun mutum ɗaya-ɗaya da gwamnatin soja ta Pinochet ta kafa a 1981. A Chile sojoji ba su taɓa shiga tsarin da suka ƙaƙaba wa farar hula ba, a Najeriya ma an fitar da sojoji daga cikinsa a 2011. A 2008 Chile ta ƙara wa tsarin tallafin gwamnati domin tsofaffin da ajiyarsu ba ta kai ta kawo ba, a 2016 kuma dubun-dubatar mutane suka cika titunan Santiago suna neman a rushe shi. A Najeriya 'yan sandan da suka yi ritaya sun sha fitowa zanga-zanga suna neman a fitar da su. Shirin ba talakawa tallafin kuɗi bisa sharaɗin kai yara makaranta da asibiti ma ya samo asali ne daga Progresa na Meziko, na 1997. Ashe ana shigo da dabarun Latin Amurka tuntuni, sai dai ta hannun ɗan tsakiya: ƙwararrun Bankin Duniya da kamfanonin ba da shawara, waɗanda ke kawo takardar talla su bar ƙorafin masu amfani da kayan a can.

Akwai kuma batun kogi. Tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, Kaduna ta rabu gida biyu. Kiristoci da yawa suka ƙaura zuwa Sabon Tasha da Television da Romi da Narayi, Musulmi da yawa suka tsallaka zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Yaran da aka haifa bayan haka sun kai shekarun aure, kowannensu ya tashi da lissafin mamatan ɓangarensu kawai. Kolombiya ta daɗe tana fama da irin wannan rabuwar tunani, ta kuma mayar da ita fagen ilimi. A 1962 Orlando Fals Borda da abokan aikinsa biyu suka wallafa nazari a kan tashin hankalin da ya biyo bayan 1948. A 2013 Cibiyar Adana Tarihin Rikici ta ƙasa ta fitar da babban rahotonta, a 2022 kuma Hukumar Gaskiya ta miƙa nata bayan sauraren dubban mutane daga kowane ɓangare. Yadda ake ɗaukar shaida daga matar da aka kashe wa miji ba tare da an tayar mata da miki ba, da yadda ake haɗa labarai masu karo da juna a kundi ɗaya, sana'a ce da ake koyarwa a jami'o'in Bogota da Medellin.

Wuraren karatun ba ɓoyayyu ba ne. Jami'ar Salamanca a Sifaniya, wadda aka kafa a 1218, tana da cibiyar nazarin Latin Amurka. Akwai Jami'ar Ƙasa ta Meziko, da FLACSO da aka kafa a 1957 mai rassa a ƙasashe da dama, da Jami'ar Ƙasa ta Kolombiya. Abin lura kuma, su sun daɗe da juyowa suna kallon wannan nahiya. Kwalejin Meziko ta buɗe cibiyar da ta zama ta nazarin Asiya da Afirka tun 1964, tana horar da ɗalibai a harsuna irin su Larabci da Swahili. Ƙasar da take da masu nazarin maƙwabtanta na nesa tana shiga kowace tattaunawa da ido biyu.

Masu suka suna da hujjoji, kuma sun cancanci amsa. Ta farko ita ce ƙasashen nan ba su gama warware matsalolinsu ba. Gaskiya ne. A shekarun da garkuwa da mutane ke raguwa a Kolombiya, sojoji sun kashe farar hula suna gabatar da su a matsayin 'yan tawaye don samun lada, kuma kotun musamman ta zaman lafiya ta ƙiyasta mutum 6,402 tsakanin 2002 da 2008. Wannan ma darasi ne, watakila mafi girma, ga duk hukumar da ke auna nasara da yawan gawawwaki. Majinyacin da ya sha magani ya ga amfaninsa da illarsa ya fi lafiyayye abin faɗa wa mai irin ciwonsa.

Ta biyu ita ce ana iya karanta duk wannan da Turanci. Abin da aka fassara kaɗan ne, kuma wani ne ya zaɓa bisa bukatar jami'o'in Amurka da Ingila. Hukuncin kotu, da muhawarar majalisa, da shaidar manomi, da rahoton jaridar lardi, suna nan da Sifaniyanci, harshen uwa na mutum kusan miliyan 500. Harshen hukuma ne ma a Ikwatoriyal Gini, wadda ke iyaka da Najeriya ta ruwa.

Ta uku ita ce gara a fara sanin tarihin gida. Ba wanda ya hana. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa suna tsallaken kogi, tafiyar motar haya daga Sabon Tasha. Amma malaman tarihin Zariya irin su Yusufu Bala Usman sun yi ƙarfi ne saboda sun karanta duniya suka dawo suka auna gida. Tun kafin boko ma haka malamta take: Muhammad al-Kashinawi ya bar Katsina neman ilimi, ya rasu a Alkahira a 1741 yana malami da ake girmamawa.

Ta huɗu, wadda ta fi nauyi, ita ce aikin yi. Kawun yarinyar bai yi ƙarya ba, kasuwar aiki ba ta neman irinta. Laifin yana wuyan masu ɗaukar aiki. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi sun mayar da fita waje hakkin likita da injiniya kawai, kamar dai ƙasa gini ce da asibiti. Ma'aikatar Harkokin Waje, da majalisun dokoki, da Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, da Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, da kafafen yaɗa labarai na Hausa, duk suna bukatar mutumin da zai karanta rahoton Bogota da safe ya bayyana shi da Hausa da yamma.

Abin da ake nema ba shi da tsada. Hukumar tallafin karatu ta Kaduna ta ware gurbi biyu ko uku a shekara, ɗaya daga kudancin kogi ɗaya daga arewacinsa, da sharaɗin dawowa a koyar. Jami'ar Jihar Kaduna da ta Ahmadu Bello su nemi yarjejeniyar musayar malamai da takwarorinsu na Meziko da Kolombiya, waɗanda su ma suke neman masu koya musu Afirka ta Yamma. Kuɗin wannan bai kai na ayarin motocin kwamishina ɗaya ba. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma sai da wanda ya je ya gano. In yarinyar Sabon Tasha ta ce za ta tafi, abin da ya dace dangi su tambaye ta shi ne wace jami'a, wane malami, kuma wace tambaya za ta je ta amso.