Gidan ƙasa da hannun maƙwabta

Ya ku iyaye, yaron da aka haifa a Amoutivé bai san wani gini ba sai na bulo da siminti da kwano, domin ƙasar da ke tsakanin teku da tafkin Lome rairayi ce. Amma kakanninsa da fatauci ya kawo daga Kano da Katsina da Maraɗi, a gidajen ƙasa aka haife su, kuma ya kamata a gaya masa yadda ake tayar da irinsu.

Da rani ake gini, bayan an kau da amfanin gona. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa har ta yi danƙo. Sannan a mulmula tubali da hannu, a shanya a rana. Magini yana bisa bango, ana jefa masa tubali yana cafewa yana jerawa. Kaurin bangon shi ke sa ɗaki sanyi da tsakar rana. Mai hali ya yi rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi, ya bi da ƙasa, ya sa indararo. Talaka kuwa ya ɗora jinka. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke kare bango daga ruwan sama.

Kada a raina waɗannan kaya. Da ƙasa Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ginin da ya ci lambar Aga Khan a 1986.

Ƙarfin gidan ƙasa dai yana ga jama'a. Maigida ya kira gayya, samari su tattake ƙasa, mata su ɗebo ruwa su dafa tuwo. Kafin kowace damina a sake yaɓe, in an bari, bango ya zube. Daga nan Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongon Lome, iyalai suka koma Agoè suka sake gini daga tushe. Mutanenmu sun san zafin rashin muhalli. Rairayi ba ya yin tubali, amma gayya tana yiwuwa a ko'ina. Kafin ruwan watan Yuni ya sauko, mu dubi rufin gwauruwa da na tsohon da ba shi da ɗa a kusa. Mai buhun siminti ya kawo, mai ƙarfi ya ba da yini guda, mu tafi da yaranmu su ga yadda ake yi.