IHU BAYAN HARI

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata gardama ce da ta sarƙe a majalisarmu cikin watan Muharram. Wani daga cikinmu ya yi ta tsine wa mutanen Kufa har da bugun ƙirji, wai da yana nan a zamanin, jininsa ne zai riga na Imam Husaini zuba. Na dube shi kawai, don na san shi farin sani. A gaban idonsa aka ƙwace wa marayun maƙwabcinsa gona, da aka neme shi shaida sai ya ce kansa ke ciwo. To, da shi da ire-irensa nake, kuma ban cire kaina ba.

Bari in ba ka labarin Tawwabuna, wato masu tuba, ka yi mana alƙalanci.

Da Mu'awiya ya rasu a shekara ta 60 bayan Hijira, ɗansa Yazidu ya hau, manyan Kufa ta ƙasar Iraƙi suka taru a gidan Sulaimanu ɗan Surad, dattijo kuma sahabin Manzon Allah (SAW). Daga nan aka soma aika wa Husaini wasiƙu a Makka, ana cewa ya zo. Ya turo ɗan baffansa Muslim ɗan Aƙilu, mutum 18,000 suka yi mubaya'a. Ubaidullahi ɗan Ziyad na shigowa gari da barazana da kuɗi, sai kowa ya kama gabansa. Aka kashe Muslim. Ran 10 ga Muharram na shekara ta 61, wato 680 Miladiyya, aka kashe jikan Annabi a Karbala tare da mutum saba'in da 'yan kai. Tsakanin Kufa da Karbala fa bai kai kilomita 100 ba!

Wasu malaman Shi'a sun ce Sulaimanu yana tsare a kurkuku lokacin. Ko ma dai yaya ne, shi da abokansa ba su nemi mafaka da uzuri ba. Cewa suka yi mu muka kira shi, mu muka tozarta shi, kuma babu abin da zai wanke mu sai mu kashe makasansa ko a kashe mu. Suka yi ta shiri a ɓoye har Yazidu ya mutu a shekara ta 64. Mutum 16,000 suka ba da sunansu. Ranar fita, a sansanin Nukhaila, 4,000 aka gani. Ka ji fa, ko tuban ma sai da aka yi masa zamba.

Suka biya Karbala, suka kwana suna kuka a kabarin Husaini, sannan suka nufi rundunar Sham. A Ainul Warda, garin da yau ake kira Ra'asul Aini a iyakar Siriya da Turkiyya, aka gwabza kwana uku a farkon shekarar 685. Sulaimanu ya faɗi, Musayyab ɗan Najaba ya ɗauki tuta ya faɗi, haka na bayansa. Da dare ya yi Rifa'a ɗan Shaddad ya janye da 'yan tsirarun da suka rage.

Akwai masu cewa wannan wauta ce, sun kai kansu mahallaka. Ni ban yarda ba. Mutumin da kunyar Allah ta hana shi barci shekara huɗu, har ya biya da ransa, ya fi ƙarfin gorin wanda ko barcin rana bai taɓa rasawa ba saboda wani. Amma kuma ba zan ɓoye abin da ke cina ba. Umar ɗan Sa'ad da mutum 4,000 ya fara isa Karbala. Tawwabuna ma 4,000 ne. Don Allah lissafa da kanka: da waɗannan takubban sun fito a shekara ta 61 maimakon 65, yaya labarin zai kasance? Jarumtar tana nan, lokacinta ne ya wuce. Ruwan da aka hana yara a bakin Furatu, hawayen duniya duka ba zai mayar da shi ba.

Mutanen Kufa ba kafirai ba ne, malam. Masu salla ne, masu son Ahlul Baiti a zuci. Ɗaya ya tuna shagonsa, ɗaya ya tuna albashinsa na baitulmali, wata uwa ta zo ta ja hannun ɗanta ta ce taho gida, mutane sun isa ba sai da kai ba. Da haka dubbai suka narke kamar kitse a rana. Azzalumi bai taɓa buƙatar kowa ya so shi ba, bukatarsa kowa ya ce ba ruwana.

Saboda haka mai tsine wa Kufa, sassauta murya. Tsinuwa ga wanda ya mutu shekaru fiye da 1,300 ba ta da tsada, ba mai kama ka. Shaidar gonar marayun nan ita ce mai tsada, kuma har yanzu ana jiranka. Ka je tun kafin a wayi gari kai ma kana neman kabarin da za ka yi kuka a kai.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a ranar da take da amfani, amin. Wassalam.