Kafin a haska miki leza a fuska

Masu gyaran jiki sun samu sabon abin talla. Bayan dilka da halawa da kurkum, yanzu sai ka ga hoton fuska biyu a Instagram ko TikTok, ɗaya cike da tabo, ɗaya sumul, a ce aikin na'urar leza ne. Mata na tururuwa, musamman waɗanda bikinsu ya matso. Ni abin da ke damuna shi ne hannun da ke riƙe da na'urar, domin leza kayan aikin likita ce, kuma a kan baƙar fata kuskurenta ba ya gyaruwa da sauƙi.

A 1960 Theodore Maiman ya haɗa leza ta farko a Amurka. A 1983 wasu likitoci biyu a Boston, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana yadda za a saita haskenta ya ƙona abu guda a cikin fata, ya bar na kewaye da shi. Baƙin tabo tarin sinadarin melanin ne, wato abin da ke ba fata launinta. Hasken yana bin melanin ɗin, ya zafafa shi har ya farfashe, jiki ya kwashe ɓurɓushin a hankali.

To, a fuskar Bature tabon ne kaɗai baƙi, hasken ya san inda zai dosa. Mu kuwa duk fatarmu melanin ce. Aikin ya zama kamar tsintar baƙin zare a kan baƙin yadi. Idan aka ƙara ƙarfin hasken kaɗan fiye da kima, lafiyayyar fatar ce za ta sha zafin. Sakamakon shi ne ƙuna, ko tabon ya dawo ya fi na da duhu da faɗi, ko kuma wurin ya yi fari fat, farin da wani lokaci ba ya komawa. Likitocin fata sun kasa launin mutane gida shida bisa ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fara a 1975, kuma yawancinmu muna gida na biyar da na shida, inda haɗarin ya fi yawa. Shi ya sa suka fi amincewa da leza mai suna Nd:YAG ta nanomita 1064, don haskenta kan wuce saman fata bai ƙona shi sosai ba. Na'urar da ake kira IPL kuma, wadda wasu ke tallatawa da sunan leza, ba leza ba ce ma, kuma ta fi saurin ƙona baƙar fata.

Wata 'yar ƙanwata ta je shagon irin waɗannan masu gyaran jiki ana saura kwanaki kaɗan a ɗaura mata aure. Ba wanda ya tambaye ta man da take shafawa, ba a gwada hasken a wani lungu na fatarta an jira an ga abin da zai faru ba. An kwantar da ita an haska kawai. Tabon ƙuraje ƙanana ta kai, ta dawo da baƙi shimfiɗe a kumatu, wanda sai da ta yi watanni tana zuwa wurin likitan fata kafin ya dushe. Har yau in na tuna kukan da ta yi a makon bikinta raina yakan ɓaci.

Tabo ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ƙuraje suka bari yakan tafi da kansa idan an magance ƙurajen, kuma in ba a magance su ba, sabon tabo na nan tafe komai yawan haskawa. Baƙin da ke fitowa a kumatu da goshi lokacin goyon ciki, wanda likitoci ke kira melasma, ya shahara da dawowa bayan leza. Sai kuma wanda muka jawo wa kanmu da bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, har hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Daɗewa ana shafa hydroquinone kan bar wani baƙi mai taurin kai a fuska, sinadarin steroid da ke cikin mayukan haɗi kuma yana sirantar da fata. Mai irin wannan fata ita ce ta fi neman leza, ita ce kuma ta fi kowa saurin ƙonewa.

Ma'aikatun lafiya na jihohi su leƙa waɗannan shaguna, su tambayi takardar wanda ke haska fuskokin 'ya'yanmu. Ke kuma 'yar'uwa, ki fara da likitan fata a asibiti, ki gaya masa gaskiyar abin da kike shafawa, ki riƙe man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye. Idan ya ce leza ta dace da ke, ki tambayi sunan na'urar, ki nemi a gwada a ƙaramin wuri tukuna. Duk wanda ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi, ki ɗauki jakarki ki fita.