"Ga ɗan Samoa": yadda muka fasa wa yaron layinmu kai

1/ Na san za ku zage ni, amma sai na faɗa. Wannan hayaniyar auren jinsi da muke yi a nan, ba Turawa take ji wa ciwo ba. 'Ya'yan talakawan unguwanninmu take kwantarwa a asibiti. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

2/ A layinmu a Rijiyar Zaki akwai wani yaro, bai kai shekara 20 ba. Babansa ya rasu, shi ke taya babarsa suyar awara. Muryarsa siririya ce, tafiyarsa da rangwaɗa. Iyakar "laifin" da aka gani ke nan.

3/ Lokacin rikicin yarjejeniyar Samoa, wani ya sa hotonsa a WhatsApp ya rubuta "ga ɗan Samoa". Bayan kwana biyu samari suka tare shi da isha'i suka fasa masa kai. Ni ma na yi dariya da na ga hoton. Wallahi har yau abin yana cina.

4/ To mece ce Samoa ɗin? Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka, Karebiyan da Fasifik. Najeriya ta sa hannu ranar 28 ga Yuni 2024. Ranar 4 ga Yuli Daily Trust ta ce akwai sharaɗin goyon bayan 'yan luwaɗi da maɗigo a ciki. Gari ya ɗauka.

5/ Ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta duba, ta ce babu wannan sharaɗin. Hukumar sauraron koke kan kafofin labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne. Jaridar ta nemi afuwa. Tsakani da Allah, mu nawa ne muka yaɗa afuwar kamar yadda muka yaɗa labarin farko?

6/ Kuma dokar tana nan fa. Tun Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu: ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren jinsi, 10 ga wanda ya taimaka. A Kano ga shari'a ga Hisbah. Ba a ɗaura irin wannan aure a kowace kotu. To wane aure ne gorarka take hanawa?

7/ Wata guda bayan dokar, a Gishiri da ke Abuja, gungun matasa suka bi gida-gida da sanduna suna fito da maza suna jibga. Babu alƙali, babu shaida. Zargi kawai.

8/ Kai mai cewa kishin addini ne: addinin nan shi ya ce a kawo shaidu huɗu, shi ya tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi, shi ya hana bin diddigin sirrin mutane. Ka tsallake duk wannan ka ɗauki gora. Malam, wannan ba kishi ba ne, daba ce.

9/ 'Yan daudu ba Turai ta kawo su ba. Kakanninmu sun ci tuwonsu a tashoshin mota. Malamai sun yi musu wa'azi, wasu sun kyamace su, amma ba a mayar da fasa kansu ibada ba.

10/ Kafin wani ya ce an biya ni: ban zo neman a canza dokar aure ba. Abin da na ce shi ne, ko mai laifi ne yana da jini da mutunci, hukuncinsa na kotu ne. Balle wanda muryarsa kawai kuka ji.

11/ Babar yaron ta daina suya, don an daina saye. Sun tashi daga unguwar, ban samu na nemi yafiyarsa ba. Gobe in an turo maka hoton ɗan wani, ka tambaya: wa ya gani? In babu amsa, goge shi. Allah ya yafe mana.