Guzurin Ɗalibi: Abincin Da Ba Ya Neman Wuta

Duk wanda ya leƙa ɗakunan kwanan ɗalibai a garin Gombe, ko a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko a Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke kan hanyar Ashaka, zai tarar da abu guda wanda da wuya a rasa shi a kowace akwati, watau ƙullin garin kwaki. Kusa da shi akwai sukari, da ɗan gwangwanin madarar gari idan wata bai yi nisa ba, da ƙuli-ƙuli a cikin leda. Wannan shi ne karin kumallon ɗalibi, sau da yawa kuma shi ne abincin darensa, musamman idan jarrabawa ta matso, lokaci ya yi ƙaranci, aljihu kuma ya yi sauƙi.

Ba haka abin yake tun asali ba. A da, jami'o'in ƙasar nan suna ciyar da ɗalibansu a ɗakin cin abinci, gwamnati tana ɗauke da mafi yawan kuɗin. A watan Afrilu na 1978, sa'ad da aka ƙara kuɗin abinci na yini daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2, ɗalibai suka yi bore a ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu Segun Okeowo, suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An yi hasarar rayuka a Legas da Zariya a kan wannan sule biyar. A 1984 kuwa Gwamnatin Mulkin Soja ta janye hannunta daga ciyarwar ɗungum. Jami'ar Jihar Gombe a 2004 aka kafa ta, ta Tarayya da ke Kashere kuma a 2011, saboda haka ɗalibansu labarin wancan zamani kawai suke ji a bakin malamansu. Tun ranar da suka shiga makaranta cikinsu yana wuyansu.

To, girki a ɗakin ɗalibai ba ƙaramin aiki ba ne. Yawancin makarantu sun hana kunna risho na lantarki a cikin ɗaki don gudun gobara, kuma suna da gaskiya, domin ɗakin da mutum shida ko takwas ke kwana, ga katifu, ga tufafi a rataye, ba wurin wasa da wuta ba ne. Kananzir da gas sun yi tsada, bare bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wanda ya ɗaga farashin kusan kome. Abincin sayarwa kuma sau uku a rana sai ɗan wane. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne abincin da za a haɗa da hannu a cikin kwano, a ci nan take.

Matsalar garin kwaki ita ce cika ciki yake yi, ba ya gina jiki. Rogo kusan duk sitaci ne. Sinadarin gina jiki da ke cikin garinsa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Gero yana da wajen kashi 11, gyaɗa kuwa kimanin kashi 25, ƙuli-ƙuli ma ya fi haka tun da an matse mai. Ɗalibin da ya jiƙa gari da sukari kaɗai zai ji ya ƙoshi, amma kafin a fito daga lacca ta biyu yunwa ta dawo, ido ya yi nauyi. Wanda ya daka ƙuli-ƙuli ya zuba a kai, ko ya yi kwaɗo da mai da albasa da tumatir da yaji, ya fi shi dabara nesa ba kusa ba, ko da bai taɓa buɗe littafin kimiyyar abinci ba.

Masu ɗan hali sukan koma ga hatsin kwali, irin su Corn Flakes na kamfanin NASCO da ke Jos, ko Golden Morn na kamfanin Nestlé. Asalin wannan irin abinci daga Amurka ne, inda 'yan'uwa biyu masu suna Kellogg suka fara sarrafa shi a garin Battle Creek a ƙarshen ƙarni na 19, aka kafa kamfani a 1906. Ɗaliban can sukan narkar da alewa ko man gyaɗa mai kauri, su cakuɗa da irin wannan hatsi, su danne a faranti, su yayyanka idan ya daskare. Abin ba laifi, yana da daɗi a baki. Amma fa masara ce aka dafa, aka murje, aka gasa, aka sa a kwali mai hoto, kuɗin kwalin da na talla duk suna kan mai saye. Abin mamaki ne a ce ɗalibin da ke zaune a garin da ke da kasuwar Tudun Hatsi, inda manyan motoci ke lodin masara da gero da dawa da wake zuwa kudu, shi ne zai sayi masarar a kwali da ninkin kuɗinta.

Alhali kuwa Bahaushe da Bafillace sun warware wannan matsala tun kafin a san jami'a. Falke mai tafiya Gwanja fataucin goro, da maniyyaci mai bin ƙasa zuwa Makka, da almajiri mai tafiya gabas neman karatu, da makiyayi mai wuni a daji, dukansu suna bukatar abin da ɗalibin yau ke bukata: abinci mara nauyi, mai jure zafi, wanda ba ya neman murhu. Daga nan aka sami fura, da gumba, da dakuwa, da kantu, da nakiya wadda ake yi da shinkafa da zuma da man shanu, take kuma daɗewa ba ta lalace ba. Hikimar da ke cikinsu ɗaya ce: a gama aikin wuta a gida, a bar wa matafiyi aikin hannu kaɗai.

Dakuwa ta fi dacewa da ɗakin ɗalibi, don haka ya kamata a tsaya a kanta. Kafin a koma makaranta, a surfa gero ko masara, a wanke, a shanya ya bushe sarai, a soya a busasshen kasko har ya yi ƙamshi ya ɗan sauya launi, sa'an nan a kai inji tare da citta da kanumfari da ɗan barkono. Mai son ɗanɗanon dakuwar asali sai ya haɗa da soyayyiyar aya. Gyaɗa ita ma a soya ta, a murje ɓawon, a markaɗa ta daban, a zuba a kwalba mai murfi. Shi ke nan aikin wuta ya ƙare. A ɗaki, ɗalibi zai auna gwangwanin madara uku na garin, ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da sukari daidai bakinsa, da ɗan gishiri, ya murza da tsabtataccen hannu har man gyaɗar ya ratsa garin ya kama jikinsa, ya dunƙula. Idan ya ƙi haɗuwa a ƙara gyaɗa; idan ya yi maiƙo da yawa a ƙara gari. Mai dabino sai ya cire ƙwallon, ya daddatsa ƙanana ya sa a maimakon sukari, ga shi kuma dabino yana taimakawa wajen riƙe dunƙulen. Riɗi ma, wanda ake nomawa a wannan yanki, idan an barbaɗa soyayyensa yana ƙara armashi. Aikin bai fi minti goma ba, abin da aka samu kuwa zai shiga jaka ya tafi aji, dunƙule biyu da ruwa su riƙe mutum har azahar.

Shi wannan gari yana da wani amfanin: ranar da ba a son dunƙule, a dama shi da nono ko da madarar gari, ya zama kamar fura. Wanda kuma ya riga ya sayi hatsin kwali bai yi hasara ba, sai ya marmasa shi a cikin leda ya haɗa da gyaɗar da zuma, ya dunƙula kamar yadda aka faɗa, kwali ɗaya ya yi masa aikin biyu.

Sharaɗi guda ne, kuma kada a yi wasa da shi: ruwa. Dakuwar da ba a sa mata ruwa ba takan yi kwanaki a rufe a wuri mai iska. Amma duk abin da ruwa ko nono ya taɓa, to a ci shi a ranar, domin zafin Gombe a watan Maris da Afrilu ba ya barin jiƙaƙƙen abinci ya kwana lafiya. Gumba, wadda ɗanyen gero ce aka jiƙa aka daka, ita ma hukuncinta ke nan.

Akwai kuma haɗarin da ya fi tsami girma. Abincin da bai bi ta wuta ba, duk abin da ya shiga cikinsa yana nan da ransa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci; a ɓarkewar 2016 ma'aikatan lafiya sun yi ta jan kunnen jama'a a kan shan jiƙaƙƙen gari saboda wannan dalili. Ɗakin ɗalibai kuwa ba ya rabo da ɓera, leda kuma ba ta hana shi kome. Bokitin roba mai murfi da ke rufuwa gam shi ne maganin abin, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Ruwan da za a jiƙa gari da shi ya zama wanda aka amince da shi, tun da kwalara takan ziyarci jihohin arewa da damina, kamar yadda ta yi mummunar ɓarna a 2021. Nono kuma a saya a wurin wadda aka san tana tafasa madararta kafin ta kwantar.

Ita ma gyaɗar sai an zaɓa. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta sannu a hankali, suya kuma ba ta kawar da ita. An gane ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin dusar gyaɗa mai fumfuna. A 2004 kuma ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Saboda haka uwar da ke haɗa wa ɗanta guzuri ta zauna da faifai ta tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta sauya launi, ko take da ɗaci, ta zubar, kada ta ba kaji ma.

Hukumomin makarantu su ma da nasu rabon aikin. Wanda ya hana girki a ɗaki, wajibi ne ya tanadi wurin girki na bai ɗaya a kowane rukunin ɗakuna, da famfo mai ruwa mai tsabta, da kwashe shara a kan kari don kada ɓera ya sami wurin zama. Matan Gombe masu sana'ar ƙuli-ƙuli da dakuwa kuma kasuwa ce a gabansu: dubban ɗalibai ke komawa makaranta a farkon kowane zango, kuma mudun soyayyen garin gero da aka ƙulle da kyau, aka rubuta ranar da aka niƙa shi a jiki, ba zai kwana a kan tebur a bakin ƙofar jami'a ba.